Kiɗan da Ya Kwana Cikin Akwati

Kun saba jin tarihin sarakuna da na yaƙe-yaƙe. Yau tarihin wani kiɗa za mu yi. Kiɗan ƙasarmu ne, Nijar. An yi shi shekara arba'in zuwa hamsin da suka wuce, kuma saura kaɗan ya ɓace ba mu sani ba.

Akwatin Yantala

Ina koyar da manya karatu a unguwar Yantala, cikin Yamai. Da yawa daga cikin ɗalibaina masu lambu ne a bakin kogin Isa. Wata rana bayan sallar isha'i, sai wani dattijo daga cikinsu, mutumin Adar, ya shigo da ƙaramin akwatin ƙarfe.

Ya ce: "Malam, kayan wana ne, Allah ya jiƙansa. Yara suna so su sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce a bari ka duba tukuna, ko da takardar gona a ciki."

Muka buɗe. Babu takardar gona. Abin da muka tarar shi ne faifan garmaho uku da kaset goma sha ɗaya. Faifai ɗaya ya lanƙwashe saboda zafi. Ɗaya ya tsage, an daɗe ana rufe ƙwarya da shi. Kaset tara suna da rubutu a bayansu. Biyu babu ko ɗigo.

Kashegari muka aro tsohuwar rediyo mai kaset wurin wani mai gyara, muka sayo pil. Muka sa ɗaya daga cikin marasa rubutu. Rediyo ta cinye zaren, ya tsinke. Muka sa ta biyu. Sai ga kukan gitar, ga ganguna, ga wani yana waƙa da Hausar Adar.

Dattijo ya yi tsit. Can ya ce: "Na san kiɗan nan. Mun yi rawarsa a Tawa ina saurayi."

Na ce: "Baba, wa ya yi shi?"

Ya yi tunani, ya yi tunani. Ya ce: "Wallahi suna ya ɓace mini."

Wannan magana ce ta sa na shiga neman tarihin irin wannan kiɗa. Ga abin da na samo muku.

Yadda aka fara kama murya

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Da can haka waƙa take. In ta fita daga baki, ta tafi ke nan. In makaɗi ya mutu, muryarsa ta bi shi, sai abin da yaransa suka riƙe da ka.

A shekarar 1877 wani mutumin Amurka, Edison, ya ƙera na'urar da ke kama murya ta maimaita ta. Bayan shekara goma, a 1887, wani mai suna Berliner ya fito da abu mai faɗi, kewayayye, wanda allura ke bi. Da ya iso ƙasar Hausa, mutane suka ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya. Sai suka sa masa suna faifai. Na'urar kuwa garmaho. Da hannu ake wana ta. Gefe ɗaya na faifan farko bai wuce minti uku ko huɗu ba.

A 1948 aka fito da babban faifai, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar wajen minti ashirin. A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Kaset ta fi araha. Ba ta tsoron girgizar mota. Kuma kowa na iya ɗaukar murya da ita a ɗakinsa. Shi ya sa ta shiga har ƙauyuka da rugage.

Sabon kiɗa ya shigo gari

Wajen 1970 kiɗan samari ya sake kama a ƙasashen Turawa. A Amurka akwai wani baƙar fata, Jimi Hendrix. Yakan sa gitar mai lantarki ta yi kuka, ta yi gurnani, ta yi ƙara kamar hadari. Ya rasu a 1970, yana da shekara 27. Akwai kuma Miles Davis, mai busa. Shi ya ɗauki kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka ya garwaya shi da kayan lantarki. A Ingila, ƙungiyoyi irin su Pink Floyd suka riƙa jan kiɗa ɗaya har ya cika gefen faifai guda.

Turawa sun ga wannan sabon abu ne. Mu kuwa dogon kiɗa ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa zama wurin masu goge ya san kiɗa ɗaya na iya kai mutum tsakar dare, yana hawa yana sauka.

Faifan nan suka shigo Nijar ta hannun ɗalibai, da direbobi, da ƴan ci-rani masu dawowa daga Legas da Akara da Abijan. Samarinmu suka saurara. Wasu suka sami gitar, suka kafa ƙungiyoyin kiɗa da ake ce wa orkes. Da farko kwaikwayo suke yi. Daga baya suka juyo gida. Suka ɗauko kiɗan kalangu da na gurmi, da waƙoƙin Zabarmawa da Fulani da Buzaye, suka ɗora a kan kayan zamani.

Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta farfaɗo da samariya. Daga 1976 aka riƙa yin babban bikin matasa na ƙasa, jihohi suna gasa da juna. A Yamai sunan Elhaji Taya ya fito, shi da orkes ɗinsa. A 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa. Bayan rasuwar Taya, aka buɗe makarantar koyon kiɗa a Yamai a 1989, aka sa mata sunansa.

To, ka ji an yi kiɗa da yawa. Sai ka tambaya: ina faifan?

Dalilin da ya sa ba mu da faifai

Amsa ita ce, a lokacin ƙasarmu ba ta da masana'antar buga faifai. Nijeriya tana da ita. Shi ya sa har gobe ana samun tsofaffin faifan Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos. Akwai ma wani makaɗi a Inugu, William Onyeabor, da ya kafa wurin buga faifai na kansa. Ya bar kiɗa wajen 1985. Amma da yake ya buga da yawa, masu nema sun yi ta tsintarsu a kasuwanni, har aka sake buga su a Amurka a 2013.

Mu kuwa, kiɗan gargajiyarmu ya ɗan yi sa'a. A 1963 wani masanin kiɗa daga Faransa ya zagaya ƙasa yana ɗaukar kiɗan maroƙa da na makiyaya. Kamfanin Ocora ya buga su a faifai a Faris. Kiɗan orkes bai sami wannan gata ba.

Ɗan orkes na Nijar hanya ɗaya gare shi, gidan rediyon ƙasa. An buɗe shi a 1958. Tun 1974 ake kiransa Muryar Sahel. Can makaɗa ke zuwa da kayansu. Ma'aikata su ɗauki kiɗa a kan wani dogon zare mai naɗi, babban wan zaren kaset. A sa a rediyo, jama'a su ji, sannan a mai da zaren kan kanta. Sau da yawa wannan zare guda shi ke nan abin da ke akwai a duniya. Mai son waƙar sai ya yi kwanto da kaset ɗinsa kusa da rediyo, in an sa ya danna. Ina zaton haka wan dattijonmu ya sami tasa.

Ka ga bambanci. Waƙar da aka buga faifai dubu, ko ɗari tara sun fashe, saura ɗari. Waƙar da ke kan zare ɗaya kamar iri ne da ya rage cikin tulu ɗaya. In gara ta shiga, an yi hasarar irin har abada.

Labarin Mamman Sani

In ka girma kana jin Muryar Sahel ko kana kallon Tele Sahel, ka san kiɗan Mamman Sani, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne kiɗan nan mai sanyi, marar waƙa, da aka daɗe ana sawa tsakanin shiri da shiri.

Mamman Sani Abdullahi ɗan boko ne. Ya yi aiki da UNESCO, hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A wurin wani taro ya haɗu da wakilin ƙasar Ruwanda. Mutumin yana da wani irin fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, mai suna Orla. Mamman Sani ya ji muryar abin, ta shiga ransa. Ya lallashi mai shi har ya sayar masa. A shekarar 1974 ke nan.

Da ya zo da shi gida, bai tsaya ga kiɗan Turawa ba. Ya ɗauko waƙoƙin makiyaya, na Fulani Bararoji da na Buzaye, ya juya su a kan wannan fiyano. Ya kuma tsara nasa na kansa. Ɗaya daga cikinsu sunanta Salamatu.

A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo. Ya buga sau ɗaya aka ɗauka. Ya sake bugawa aka ɗora na biyu bisa na farko, ya zama kamar mutum biyu ke kiɗa. Ma'aikatar al'adu ta so ta fitar da shi cikin jerin kaset na kiɗan zamani na Nijar. Shirin bai yi nisa ba. Kaset kaɗan aka buga, abin ya tsaya nan.

Shekara talatin da ɗoriya suka wuce. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin faifai da ake kira Sahel Sounds, ya zo Yamai. Ya shiga wani ɗakin ajiyar kiɗe-kiɗe, cike da kaset da zaruruwa masu ƙura. Ya jawo wata kaset. A bayanta ga hoton wani saurayi da hannuwansa bisa fiyano, ga kuma suna a rubuce. Ya saurara, abin ya ba shi mamaki. Da yake akwai suna, neman mai shi bai yi wuya ba. Ya same shi nan Yamai.

A 2013 aka buga kiɗan a babban faifai. A shekarar nan Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa gaban jama'a. Ashe kuma yana da wasu zaruruwa da ya adana. A 2014 aka fitar da faifai na biyu mai suna Taaritt. A 2015 aka fitar da na uku, kiɗan da ya ɗauka tsakanin 1981 da 1984, wanda bai taɓa fita kasuwa ba.

A ƙasashen waje an ce an gano Mamman Sani. Mu dai ba mu taɓa rasa shi ba, kullum yana cikin kunnenmu. Amma mu faɗi gaskiya. Mun sha kiɗansa shekara da shekaru, kaɗan ne cikinmu suka tambayi mai shi.

Azna na Adar

Labari na biyu daga Tawa yake. Tun shekarun 1970 akwai wata orkes a can mai suna Azna de l'Ader, wato Aznan Adar. Shugabansu shi ne Mona, mai gitar. Saboda yadda yake sa gitar kuka, har ana kiransa Hendrix na Sahara. Kiɗansu mai zafi ne, mai ƙara. Amma in ka kasa kunne, za ka ji tafiyar gangunan Adar a ƙarƙashi.

Sun yi shekaru da yawa suna wasa a Tawa da kewaye. Duk tsawon lokacin nan ba su fitar da faifai ko ɗaya ba. Abin da ya cece su shi ne zaruruwan da aka ɗauka a gidan rediyo a shekarun 1980. Ƴan shekaru bayan fitar faifan Mamman Sani, kamfanin nan na Sahel Sounds ya tattara wasu daga ciki ya buga. Aka sa wa faifan suna Zabaya, wato zabiya, mace mawaƙiya.

Waɗannan biyu sun tsira. Amma orkes nawa aka yi a Maraɗi, da Damagaram, da Doso, da Agadas? Mafi yawan abin da suka kaɗa bai taɓa hawa faifai ba. Wanda ya rage yana kan zaren rediyo, ko cikin akwati irin na dattijonmu.

Abokan gaban kaset

Zaren kaset leda ce siririya. An shafa mata garin ƙarfe mai laushi, an manne shi da wani irin danƙo. Cikin wannan gari murya take kwance. Abin da duk ya taɓa garin ya taɓa muryar.

Zafi na narkar da danƙon. Ka san zafin bazara a ƙasarmu, balle cikin ɗakin kwano. Laima na sa zare ya yi fumfuna, ya manne da juna. Ambaliyar 2020 ta ci gidaje da yawa a unguwannin bakin kogi na Yamai, kuma ruwa ba ya zaɓen abin da zai ci. Ƙurar hunturu na kankare zare. Mayen ƙarfe da ke cikin lasifika na iya share murya in an daɗe ana ɗora kaset a kansa. Faifai kuwa, rana ɗaya cikin rana ta isa ta lanƙwasa shi.

Akwai kuma hannun mutum. A gidajen rediyo da yawa na duniya, har da na Ingila, an sha share tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa, don zare yana da tsada. A gida ma haka ne. Waƙa nawa aka share don a aika wa ɗan ci-rani saƙon murya?

Abin da ke hannunka

Wataƙila kai ma akwai irin wannan akwati a gidanku, ƙarƙashin gado ko cikin rumbu. Ga shawarata.

Da farko, fitar da kayan daga zafi da laima. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano. Faifai a tsaye ake ajiye shi, kada a ɗora masa kaya. Kaset a nesanta ta da lasifika.

Na biyu, kada ka yi gaggawar sa tsohuwar kaset a rediyo, kamar yadda muka yi. Sa bik cikin ramin, ka juya a hankali tun daga farko har ƙarshe. In ka ji ta cije, tsaya. In zare ya tsinke kada ka yar, mai gyara na iya haɗa shi.

Na uku, ranar da za ka sa ta, ajiye salula kusa, a ɗaki marar hayaniya, ka ɗauka. Ka ba mutum biyu ko uku su ma su ajiye. Iri ba ya zama cikin tulu ɗaya.

Na huɗu, ɗauki bik ka rubuta. Wa ya yi kiɗan? A wane gari? Wace shekara? In shekara ta ɓace, rubuta abin da aka tuna: zamanin wane shugaba, kafin yunwar 1984 ko bayanta. Tambayi tsofaffi tun suna nan. Ka tuna, suna da hoto ne suka kai baƙo ƙofar Mamman Sani.

Na biyar, in wani ya zo saye, kada ka ba da kaya sai ka kwafa. Ka kuma sani, kaset taka ce, amma waƙar ta mai ita ce da magadansa. In za a buga a sayar, da saninsu za a yi, kuma su sami rabonsu. Akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta a Yamai saboda haka.

Mu koma Yantala. Kaset ɗin nan mun ɗauke ta a salula uku. Dattijo ya zauna ya faɗi abin da ya tuna, ya rubuta da hannunsa a takarda: garin da ya ji kiɗan, da filin da aka yi rawa, da shekarar da wansa ya yi aure. Muka naɗe takardar muka sa cikin gidan kaset. Wurin suna muka bar fili. Ya aika waƙar Tawa, wurin abokansa na samartaka. Kullum in ya zo aji, sai ya duba salula kafin ya buɗe littafi.

Akwatin ƙarfe dai yara sun sayar. Abin da ke ciki yana nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kai ma yau in ka koma gida, duba naka akwatin. Allah ya jiƙan makaɗanmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya. Sai wata fitowa.